Sawun Ranar Juma'a

Da muka dawo daga sallar Juma'a, ni na fara ganin kwaɗon a ƙasa. An sa ƙarfe an ɓalle shi daga ƙofar ɗakin Zumunta. Na leƙa, ban shiga ba. Akwatin ƙarfen da ke ƙuryar ɗakin murfinsa a buɗe, ba komai a ciki. Tukunyar ɗana Jamilu ta tafi, tare da takardun zanenta.

Sunana Shehu. Maƙeri ne ni a Gyaɗi-Gyaɗi, bokiti da murhun gawayi da akwati nake yi. Mu arba'in ne a Zumuntar Maƙeran Tarauni. Mu ke raba rumfuna, mu ke ɗaukar gawar ɗan'uwa, mu ke tsaya wa marayunsa. Dokarmu ta farko kuwa, ba ya shiga cikinmu sai wanda ya karɓi wuridi ta hannun magadan marigayi Malam Abdulmalik, wanda ya kafa Zumuntar. Wanda ba namu ba ko dokin ƙofar ɗakin ba ya tsallakewa.

Tukunyar kuwa ba ta tuwo ba ce. Ta turara almakashi da wuƙaƙen asibiti ce da gawayi, idan an ɗauke wuta. Murfinta ba ya buɗuwa sai tururi ya sauka, don kada ya ƙone ma'aikaciyar jinya. Shekara biyu Jamilu yana fama da ita, shi da abokinsa Istifanus, wani Bahaushe Kirista daga wajen Rano, mai gyaran injuna a wani ƙaramin asibiti kusa da asibitin koyarwa. Sun shirya ranar Litinin za su kai takardu Abuja a yi musu rajista da sunayensu biyu. Lauya ta ce a ɓoye ta kafin nan, shi ya sa aka sa ta a akwatinmu.

Kafin in ankara mutane sun cika layin. Haruna, magatakardan Zumunta, ya hau kan wani tsohon ganga.

"Ku faɗa mini, wa ke yawo a gari ƙarfe biyu na ranar Juma'a? Wane ne ba ya masallaci?"

Ba wanda ya ambaci suna, amma kowa ya ji shi. Wata biyar ke nan da sojoji suka sauka daga mulki, gari ya cika da zancen shari'a da yanke hannu, kowane saurayi yana ganin shi ne alƙali. Wani ya ce ya san gidan da Istifanus yake haya a Babban Giji.

Na ja ƙofar na rufe, na ciro sabon kwaɗo daga rumfata na sa. Da safiyar ranar ni na zuba sabon rairayi a ɗakin na share shi sumul, kamar yadda muke yi duk Juma'a saboda zikirin yamma. Kakana mutumin ƙauye ne, ya sha gaya mini in an yi sata kada a tattake wurin.

Bayan la'asar shugabanmu Alhaji Rabi'u ya iso da motarsa daga Hotoro. Shi ya ɗauke ni ina ɗan shekara goma sha biyu, ya koya mini sana'a, ya yi mini aure. Ya hana matasa zuwa Babban Giji, sannan ya yanke magana a gindin dalbejiya.

"Baƙo bai san inda akwatinmu yake ba sai ɗan gida ya nuna masa. Na ba ku zuwa Alhamis. In tukunya ba ta fito ba, Jamilu ya fita daga Zumunta, ya bar rumfa, mu kai su gun 'yan sanda shi da abokin nasa."

Na durƙusa na ce, "Baba, a ba ni izini in kawo mai bin sawu."

Ya yi ɗan murmushi. "Kawo shi mana, Shehu. Sai dai nan birni ne, ba shanu aka kora ba."

*

A Ƙauyen Alu na samu Baba Audu yana gadin wani kango. Da can ɓarayin shanu yake bi a dajin Falgore, har idonsa ɗaya ya mutu, ƙarfi ya ja baya, 'ya'yansa suka dawo da shi birni. Na yi masa bayani ina haɗa kalma da kalma. Ya gama tauna goronsa tukuna.

"Mutum nawa suka shiga bayan ɓarawon?"

"Ko ɗaya."

"To kai ne mai hankalin farko da na gani tun da na zo Kano."

Ya ƙi duba ɗakin da rana tsaka. Sai da rana ta karkata, haske ya shiga ta ƙofa a kwance, sannan ya kwanta rub-da-ciki a bakin ƙofar, kuncinsa a ƙasa. Ya daɗe har na zaci barci ya ɗauke shi.

"Wancan buzun da ke tsakar ɗaki fa, na wane ne?"

"Na marigayi Malam ne. Ba a taka shi, ba a tsallake shi, ba a wucewa ta gabansa. Ta bango ake kewayawa."

"Wa ya san haka?"

"Duk ɗan Zumunta."

Ya tashi zaune yana karkaɗe gemu. "Maƙeri, ɓarawonku mai ladabi ne. Ya fasa kwaɗo kamar ɗan daba, amma ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa. Ya shiga da ƙafar dama. Hanya miƙaƙƙiya ga ta nan zuwa akwati, ya bar ta, ya bi bango ya kewaye buzu. Da zai fito da kaya masu nauyi, sauri yake, duk da haka ya sake kewayawa. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba ba zai yi wannan wahala ba."

Na ce alhamdu lillahi. Ban rufe baki ba na gane inda maganar ta dosa. In ba Istifanus ba ne, ɗan Zumunta ne. Jamilu kuwa ɗan Zumunta ne, kuma ranar ban gan shi a sahunmu ba.

Baba Audu ya dube ni da idonsa mai gani. "Ka riƙe wannan a cikinka. Akwai sauran abin da ƙasa ta ce, ban gama fahimtarsa ba."

*

Binta mai abinci ce ta ce ta ga Istifanus. Rumfarta na bakin layinmu, ba ta tashi ko ana Juma'a.

"Da idona na gan shi, Baba. A kan babur, da buhu ɗaure a baya."

"Shiga layin ya yi da buhun, ko fita?" in ji Baba Audu.

Ta tsaya da ludayi a hannu. "Wucewa ya yi ta titi."

"Wa ya shiga layin?"

"Ni ina cikin hayaƙi ina juya shinkafa, zan tsaya ƙirga mutane? Motoci dai na wucewa. Ka ci abinci ko tambaya za ka ci?"

"Zuba mini, 'yar nan. Mai gani ta bayan hayaƙi, hannunta ba zai rasa albarka ba."

Istifanus mun same shi a bayan asibitinsu, ya kwana biyu a ɗakin janareta don tsoron komawa gida. Ya durƙusa ya gaishe ni kamar kullum. Buhun, in ji shi, fanka ce ya kai a yi mata sabon naɗin waya a Tarauni, mai naɗin kuma ya shaida hakan da muka je.

"Baba Shehu, me zan sata? Zanen nan da hannuna na yi shi, yana cikin kaina. Sau biyu na roƙi a bar ni ko a bakin ƙofa in zauna in ana maganar tukunyar, aka ce doka ta hana. Ban yi fushi ba, gidanku ne. Amma ɗakin da aka hana ni gani, yau shi aka ce na fasa?"

Ranar da aka kawo roƙon nasa, ina cikin waɗanda suka ɗaga hannu a ƙi.

*

Ran Litinin Baba Audu ya ce in kai shi gun lauyar. Barista Saratu, ofishinta ɗaki ɗaya ne a saman wani kantin magani. Ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa.

"Hajiya, ni saniya na sani. In an sace ta, ko a yanka ko a sayar. Wannan tukunyar, in mutum ya sace ta, me zai yi da ita?"

Ta ajiye biro. "Abu biyu, Baba. Na ɗaya, ya riga su kai takarda, don hukuma wanda ya fara kaiwa take dubawa. Amma in da sata ya samu, masu abin za su iya ƙwace ta a kotu. Na biyu ya fi muni. Hukuma ba ta ba da takardar nan sai a kan sabon abu, wanda jama'a ba su sani ba. In aka baza tukunyar a kasuwa kafin a kai takarda, ta zama tsohon labari. Ko da za a je kotu a ce sata ce, kafin a gama kowane maƙeri a Kano ya iya ta."

"In kuma suka samu takardar?"

"Shekara ashirin ba mai ƙera irinta ya sayar sai da izininsu."

"Su biyun? Har da wanda ba ya salla?"

"Dokar ba ta tambayar inda mutum yake ibada. Wa ya ƙirƙira, shi ke nan tambayarta."

"Wa kika taɓa yi wa wannan karatun?"

"Yaran biyu. Sai dattawan da suka rako su, Alhaji Rabi'u da Malam Haruna da shi Malam Shehu."

A kan matattakala Baba Audu ya ce, "Har da kai ashe." Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

*

Talata da Laraba bai tambayi kowa komai ba. Ya shimfiɗa buhu a layinmu ya zauna, yana kallon muna aiki. Haruna ya yi ta yi masa ba'a.

"Baba, an gano kofaton saniyar?"

"Saura ƙaho, ɗana. Ci gaba da bugu."

Na lura ba fuskokinmu yake kallo ba, ƙasa yake kallo. Na ɗauka tsufa ne. A raina kuwa Haruna nake zargi, don shi ya fi kowa ɗaga murya, kuma bai taɓa ɓoye ƙin Istifanus ba. Amma mutum shida sun ce kafaɗa da kafaɗa suka yi salla da shi.

Ran Laraba da magariba na kasa daurewa. Na kira Jamilu zaure.

"Ina ka yi Juma'a?"

"A kan titi, Baba. Na makara, sahu ya fito waje."

"Wa ya gan ka?"

"Allah."

"Jamilu, in kai ka ɗauke ta don kada a hana abokinka rabonsa, ka gaya mini yanzu. Zan je in kwanta a gaban Alhaji, in ce ni na sa ka."

Ya dube ni. Idonsa ya kawo ruwa, bai bari ya zubo ba.

"Baba, har kai?"

Ya tashi ya fita. Uwarsa Hasana tana bayan labule, ta ji komai. Ta ajiye mini tuwo ba ta ce ci ba.

*

Ran Alhamis bayan la'asar aka taru a gindin dalbejiya, mu arba'in. Alhaji Rabi'u yana kan kujerarsa, da farar safa da takalmi sau-ciki. Istifanus ya zo da rakiyar likitan asibitinsu, ya tsaya can nesa a rana. Baba Audu ya sa na buɗe ɗakin, ya ce dattawa biyar su leƙa daga bakin ƙofa. Ya nuna musu yadda sawun ya kewaye buzu. Ba wanda ya yi musu. Wani dattijo ya juya ya dubi Istifanus, ya sunkuyar da kai.

Haruna ya ce, "To ai magana ta ƙare. Ɗan gida ne, kuma mun san ɗan gidan da ba a gani a sahu ba."

"Ba ta ƙare ba," in ji Baba Audu.

Ya zuba rairayi a faranti babba, ya yayyafa ruwa, ya lallaɓe shi. Ya ce Jamilu ya cire takalmin aikinsa ya taka. Sannan Haruna. Sannan ni.

"Ku duba. Wannan yaron a makaranta ya koyi aiki, a tsaye, kan tebur, cikin takalmi. Yatsunsa a haɗe suke kamar na amarya. Ku kuwa 'yan gargajiya a ƙasa kuke zama. Kwana biyu ina kallonku. Guduma a hannun dama, fallen ƙarfe kuma ƙafar hagu ke danne shi, tsakanin babban yatsa da mai bi masa. Shekara da shekaru, har yatsan ya buɗe ya yi kanta. Ga na magatakarda, ga na Shehu, duk hagu. Yanzu ku sake leƙa ɗaki. Wanda ya shiga, yatsansa ya buɗe fiye da na kowa a nan, tsohon hannu ne. Amma a ƙafar dama."

Ya ɗago kai ya dube mu.

"Wanda ke danne ƙarfe da ƙafar dama, da hagu yake bugu. Bahago nake nema."

Haruna ya duba hagu da dama, ya ƙirga mu da ido. "Babu bahago a Zumunta. Na san hannun kowa."

Gaskiya ya faɗa, iyakar saninsa. Shekararsa goma sha biyar a cikinmu. Waɗanda suka girme ni a sana'ar duk sun rasu, ban da mutum ɗaya, shi kuwa shekara ashirin rabonsa da guduma, tun da ya koma kwangila. Da dama yake ci, da dama yake gaisawa, da dama yake jan carbi. Amma ni na tuna wata rumfa a Tarauni, da yaro ɗan shekara goma sha biyu. Sauran iyayen gida a gefensu suke zaunar da yaro. Nawa a gabansa yake zaunar da ni, fuska da fuska, don hannunsa na hagu ya yi daidai da damana.

Alhaji Rabi'u ya gyara babbar riga. "Tun da babu bahago, maganar tsohon nan ta faɗi. Mun gode masa. Haruna, karanta hukunci."

Haruna ya buɗe littafi. Na dubi Jamilu. Yana tsaye ba takalmi, rairayi a ƙafarsa, ba ya kallon kowa, ni ma ba ya kallona. Na ji Haruna ya fara da bismilla, ya ambaci sunan ɗana da nawa.

"Akwai bahago," na ce.

Ban san na miƙe ba sai da na ga kowa yana kallona. Na je gaban kujerar na durƙusa, kamar yadda na saba.

"Baba, don Allah ka cire safar dama."

Wani ya yi salati. Haruna ya ce, "Shehu, ka haukace?" Alhaji ya ɗaga masa hannu. Bai cire safar ba. Tafin hannunsa na hagu ya buɗe a kan gwiwa, duk ya yi ƙuraje sababbi na riƙon guduma, wasu sun fashe.

"A Hotoro ƙarfe ɗaya ake Juma'a," ya ce a hankali. "Na yi sallata, na zo kuna masallaci. Tukunyar tana sitona. Na ƙera huɗu irinta, ni kaɗai, ba wanda ya gani. In sun kai goma zan baza su a kasuwa, ta zama ta kowa."

"Me ya sa, Alhaji?" in ji wani dattijo.

"Kun ji abin da lauya ta ce. Shekara ashirin. Maƙerin Tarauni, jikan maƙeri, zai je ya durƙusa wa wanda ko ɗakinmu ba ya shiga, ya nemi izinin buga ƙarfe. Malam ya bar mini amanar mutum arba'in. Ban ɗauka don cikina ba."

Na ce, "Jamilu fa, Baba? Da ka bari an kore shi?"

"Da shekara ta zagayo na dawo da shi."

"Istifanus fa? Ka ji abin da matasa suke cewa ran Juma'a."

"Ni na hana su zuwa."

"Ran nan ka hana. Gobe fa?"

Ya miƙe da ƙyar, ya ciro makullin sito ya jefa a gaban Jamilu. Da ya zo wucewa ta gabana ya tsaya.

"Shehu, ni na riƙe hannunka ka fara buga guduma."

"Shi ya sa na sani, Baba."

*

Haruna ya yage takardar hukuncin a gaban kowa. Ba a kai maganar gun 'yan sanda ba, Jamilu ya ƙi, Istifanus ma ya ƙi. Da na kawo wa Baba Audu ladansa, goro kawai ya ɗauka, ya ce in kai shi tasha.

Ran Litinin na raka yaran biyu tashar Abuja, tukunya cikin buhu a kan cinyarsu. Jamilu ya karɓi addu'ata, ya ce amin. Da mota za ta tashi ya leƙo ta taga, ya ce in gaya wa uwarsa ta daina kuka, jibi zai dawo ya buɗe rumfa.

Daga tasha Hotoro na wuce. Na yi sallama sau uku a ƙofar gidan Alhaji. Aka aiko cewa yana barci, ƙarfe goma na safe. Na durƙusa a zauren na gaishe shi da ƙarfi yadda zai ji, na tambayi hannun, na ce a shafa masa man kaɗanya. Na jira kaɗan. Sannan na sa takalmina na tafi aiki.